Maƙerin da Ya Ajiye Kunya

Kin ce kunya ke hana ki faɗa wa kowa halin da ɗanki yake ciki. To gyara zama, 'yata, ki ji abin da ya faru da wani maƙeri.

Mutumin nan yana da 'ya guda, kyakkyawa, lafiyayya a jiki, amma ta kai shekara huɗu ba ta ce uffan ba. In an kira sunanta ba ta waiwaya. Wuni take tana jera tsakuwa a gindin bango, wanda ya taɓa ɗaya kuwa ya jawo kukan da ba ya lallasuwa. Maƙerarsa tana zauren gidan, kuma da zarar guduma ta sauka kan ƙarfe sai yarinyar ta toshe kunnuwa ta yi ta buga kai da ƙasa. 'Yan uwa suka ce iska ce, aka yi turare har aka gaji. Wasu suka ce kurma ce, shi kuwa ya san kurma ba ya gudun ƙarar guduma. Shekara guda yana ɓoye ta a ɗaki in baƙi sun zo, har ranar da ya shigo ya tarar da goshinta a fashe, uwarta tana share jinin tana hawaye. Daga ranar ya ajiye kunya. Duk wanda ya kawo gyaran fartanya ko gatari, sai ya kwatanta masa halin yarinyar ya ce, "Ko ka taɓa ganin mai irin wannan?" Wasu su yi masa jaje, wasu su koma majalisa su yi da shi. Abin yana yi masa ciwo, amma bai fasa ba. Ana nan sai wani direban motar haya ya ce ai ɗan ƙanwarsa haka yake, ya kira ta a waya nan take ya miƙa masa. Matar ta saurare shi har ya gama, sannan ta kwatanta masa sashen yara na babban asibitin birni.

Sau uku yana zuwa da yarinyar kafin su samu ganin likita. Likitar ta zauna a ƙasa ta daɗe tana kallon yadda take wasa, ta yi wa uwar tambayoyi masu yawa, sannan ta ce, "Malam, wannan lalura ita ake kira galahanga. Ba laifinka ba ne, ba na mahaifiyarta ba. Allura ba ta raba ta da ita, amma ana koya mata, kuma za ta koya." Maƙeri ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka, domin yau abin ya samu suna. Duk da haka bai tashi ba sai da ya sake tambaya, "To a ina ake koyon?" Ta rubuta masa sunan wata makaranta inda iyayen irin waɗannan yara ke haɗuwa duk Asabar ɗin farkon wata, tare da wata malama mai koya wa yara magana. Da ya je ya iske mutum kusan ashirin, akwai ɗan sanda, akwai mai sayar da kifi, akwai wata tsohuwa mai riƙon jikanta. Ya ba da labarinsa tun daga farko, ba wanda ya zaro ido. A nan aka nuna masa yadda ake magana da hotuna, na kofi, na tuwo, na makewayi, da yadda ake tsara wa yaro wuninsa iri ɗaya kullum don hankalinsa ya kwanta. Ya koma gida ya kwashe maƙerarsa zuwa bakin kasuwa, buga kai ya ragu. Bayan wata biyar, wata safiya yarinyar ta ɗauko hoton kofi ta sa a tafin uwarta. Shi ne karo na farko da ta taɓa roƙon wani abu ba da kuka ba.

Da ya kai ta firamaren garinsu, malamar ajin ta ce ba ta san yadda za ta yi da ita ba. Bai yi fushi ba, ya roƙe ta ta raka shi taron Asabar. Ta je sau ɗaya, ta ci gaba da zuwa da ƙafarta. Yarinyar ba ta zama kamar sauran yara ba, ba kuma wanda ya ce sai ta zama. Amma tana aji uku yanzu, tana rubuta sunanta, tana kiran ubanta Baba. A garin nan kuwa gida tara ne suka fito da 'ya'yan da suke ɓoyewa, malamar ajin ce ke tara su.

Don haka ki ɗauki mayafinki, 'yata, gobe ni zan raka ki asibitin. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.