Hannun Ladan

"Makunnin lasifikar da ka haɗa mana a masallaci da safen nan yana ɗan jan mutum," in ji Alhaji Maikuɗi, mai sayar da goro a unguwar Asata ta Inugu.

Andrawus mai aikin lantarki ya yi dariya, ya ɗauki gawayi ya hau rubutu a bangon shago.

"Baba, lissafi ba ya ƙarya. Wutar Inugu bolt ɗari biyu da talatin ce. Fatar mutum tana tare ta da juriyar da ta kai om dubu ɗari. In ka raba, abin da ke ratsa jiki bai fi cizon cinnaka ba. Jibi zan gyara."

"Kowace irin fata?"

"Busasshiya dai. In a jiƙe take, om dubu ɗaya ne kacal. Wutar kusan rubu'in amfiya ke nan a jiki, zuciya take tsayarwa. Amma wa zai taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu?"

Alhaji ya dubi inuwar rumfa. Azahar ta yi tun ɗazu.

"Ɗan nan," in ji shi, "Ladan Muntaka sai ya yi alwala yake kiran salla."

Suka kasa kunne. Unguwar shiru, babu kira.