Gashin Bakin Manusos

Manusos ya sha kwanar farko a tsaye bisa fedar keke, gashin bakinsa na kaɗawa a iska, ko waiwaye bai yi ba. Me zai waiwaya ya gani? Sifis mai gidan burodi yana can baya yana haki, tumbinsa na gugar ƙarfen keke.

Sharaɗin tseren ba wuya. Daga dandalin ƙauyenmu zuwa ɗan cocin da ke ƙololuwar dutse, wanda ya iso daga baya a zaunar da shi gaban jama'a a aske masa gashin baki. A wani biki aka ƙulla, bayan giyar raki ta zagaya tebur har baki ya fi ƙarfin masu shi. Da farko akuya za a sa, sai wata murya daga bayan taro ta ce akuya ai kowa na da ita.

To, a tsaunukan nan namu na tsibirin Kirit, namiji ya rasa gonar zaitun a yi masa jaje a wuce. Ya rasa gashin baki kuwa, gara ya haɗa kayansa ya koma birnin Atina. Balle na Manusos, wanda yake ji da shi kamar ɗan fari. Sai ya taje shi ya murza masa man zaitun kafin ya ce wa matarsa Argiro ina kwana.

Amma bai damu ba, don duk yankin ba mai kama shi a hawa. Argiro ma ta yi nata ƙoƙarin. Tun asuba gidan ke ƙamshin suya, amma busasshen burodi da ruwa ta ajiye masa.

"Da ciki sakayau ake hawa dutse, maigida," in ji ta.

Hanyar shiru, sai ƙarar kaca da ƙararrawar awaki daga nesa. Yana shiga ƙauyen farko ya danne birki. Inna Kaliyopi ce tsaye a tsakiyar titi cikin baƙaƙen kayanta, da faranti a hannu, wainar cuku da zuma na tururi.

"Ɗan Yorgis, za ka wuce ƙofata da yunwa? Ubanka bai taɓa yi min haka ba."

Wanda ya ƙi abin da aka miƙo masa a nan, ya zagi gidan ne har kakanni. Ga kuma yunwa. Ya ci ɗaya a tsaye, ta ce ɗaya ai ta baƙo ce, ya ƙara.

"Inna, tsakanina da ke, wannan ta fi ta Argiro daɗi."

Tsohuwa ta yi dariya har da share ido da gefen ɗankwali.

Ya hau ya ƙara wuta. Bai yi nisa ba sai ga tumakin Vardis makiyayi sun cika hanya maƙil, shi kuma yana zaune bisa dutse, faranti a cinya. Vardis da ko ƙwai bai iya dafawa ba, yau shi ne da wainar cuku. Ya ce tumakin ba sa motsi sai an ci. Manusos na tauna yana hangen ƙasa, can ya ga ɗigon jar rigar Sifis na shan kwana a hankali, kamar kunkuru mai zuwa biki.

Yanzu kekensa ya yi nauyi. Zuma ta zauna masa a ƙirji, gumi na bin gashin baki yana ɗiga. Karon farko tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Duk da haka ga rufin coci can sama, saura ƙiris.

A kwanar ƙarshe Fada Nektariyos ya ɗaga masa hannu. Ɗayan hannun na riƙe da faranti.

Wa zai wuce limamin da ya ɗaura masa aure? Fada ya sa albarka a wainar, ya sa wa keken, ya shiga ambaton mamatan gidan su Manusos ɗaya bayan ɗaya, kuma gidan ba ƙarami ba ne. Ana kan kakar kakarsa sai Sifis ya wuce, yana numfashi kamar zugazugi.

Da yamma aka fito da kujera dandali. Manusos ya zauna yana huci, ya nuna Sifis da yatsa ya ce makircinsa ne. Sifis kuwa shi ma fushi yake.

"Makircin wa? Ni ban taɓa ganin rowa irin ta yau ba. Mutum uku na wuce da faranti, ba wanda ya ce min ga ɗaya."

Mai aski ya gama cikin ɗan lokaci. Abin da ya fito daga ƙarƙashi, leɓe ne ɗan ƙarami fari fat, wanda rabonsa da rana tun Manusos na saurayi. Dandali ya kwashe da dariya. Argiro ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ratsa taro, ta kama fuskarsa da hannu biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta sumbace shi a baki gaban kowa, abin da ba ta taɓa yi ba. Manusos ya ji ƙwalla ta zo masa. Ya ce a ransa ko ba komai Allah ya ba shi mace ta gari.

Washegari ya ƙi fita. Yana kwance ya rufe rabin fuska da bargo, sai ya ji an ƙwanƙwasa ƙofar baya, ya ji muryar Fada ƙasa-ƙasa yana magana da Argiro.

"'Yata, ga farantanki duka ukun, Inna ta ce a gaya miki wai in ji mijinki, tata ta fi taki daɗi."