Ni Ba Jingina Ba Ce

A bakin Inna na fara jin sunan Namadi, tana rage mudun geron tuwon dare. Ta ce mai sayen auduga ne daga Kebbe, kuma yana tambayata.

Shekarar samun 'yancin kai ce. Baba ya ɗebi kuɗi a banki can Sakkwato fiye da ajiyarsa, ga shi gyaɗar da ya saya ta lalace. Ni nake biya wata-wata daga albashina na koyarwa a Tambuwal. Nama kuwa sai Juma'a.

Ranar da Namadi ya zo zaurenmu, ya daɗe yana gyara hular da ba ta karkace ba.

"Fadima, nawa ya rage ga bashin? In biya, a sa rana."

Na zuba wa tabarma ido. Ina son sa, ya kuma sani.

"Malam, in ka biya, duk ranar da na ɓata maka rai, banki za ka tuna. Ba ni shiga gidanka kamar jingina."

"Har yaushe ke nan?"

"Damina biyu."

Ya jawo takalminsa.

"To, zan riƙa leƙowa ranar kasuwa. In kin biya sulen ƙarshe, ni za ki fara gaya ma, tun kafin Baba."