Kwana Uku a Ƙofar Liman

Yau kwana uku ke nan Dakta Bara'u yana zuwa ya tsaya a ƙofar wani gida a unguwar Lozells ta Birmingham. Ana yayyafi, lemarsa kuma ta zarce Landan a cikin jirgin ƙasa.

Shekara goma sha tara yana koyar da tarihin Turai a Manchester. Duk shekara sai ya ba ɗalibai labarin sarkin Jamus da ya ce shi zai riƙa naɗa manyan limaman coci. Fafaroma ya kore shi daga addini, hakimansa suka juya masa baya, har sai da ya je ya yi kwana uku a cikin ƙanƙara, ba takalmi, yana roƙon gafara. Bara'u kan ce sarkin bai iya lissafi ba. Ɗalibai su rubuta.

Nasa rikicin bai kai na daula ba. Masallacin 'yan Arewa ne a saman wani kanti a unguwar Levenshulme ta Manchester. Shi ne shugaban kwamiti, shi kuma ya tsaya aka ba wani matashin malami limanci. Bara waccan Liman ya ce ba Idi sai an ga wata a Maroko, alhali kwamiti ya riga ya kama zauren taro bisa sanarwar Saudiyya. Bara'u ya tuna wa Liman wanda ya ɗora shi. Liman ya tuna masa, daga kan mumbari, cewa aikin kwamiti kafet ne da hitar ɗumama masallaci. Aka rubuta takardar sallama, Bara'u ya sa hannu.

Liman ya koma Birmingham. Rabin sahu ya watse, aka daina kiran Bara'u suna da ɗaurin aure, a zaɓe na gaba kuma ya samu ƙuri'a huɗu.

Matarsa Hajiya Saudatu ba ta ce uffan ba. Dama ko an ɗauko zancen Liman a gida, tashi take ta duba tukunya. Bara'u ya ɗauka goyon baya ne. Liman ma haka ya ɗauka.

Yanzu sati biyu tana asibiti. Likitoci sun daina maganar ranar sallama, sun fara tambaya ko akwai wanda ya kamata a kira.

Ranar farko matar Liman, Ruƙayya, ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙo shayi ta bakin ƙofa, ta ce Malam yana karatu. Rana ta biyu ta ce Malam yana yi wa Hajiya addu'a, amma ya rantse ba zai taka Manchester ba sai an janye takardar. Bara'u ya ce ai ba shi ke da kwamiti ba yanzu, su kuma sai wata mai zuwa za su zauna. Kanta a ƙasa, ta tuna masa cewa bara ma an ce Hajiya ba lafiya, Malam ya taso a guje, ya tarar zaman sulhu aka shirya masa. Wannan gaskiya ne. Ta ƙara da cewa Hajiya da bakinta ba ta taɓa nemansa ba. Wannan ma gaskiya ne.

Yau ko ƙofar ba a buɗe ba. Ya ƙwanƙwasa har maƙwabciya ta ɗaga labule. Daga ƙarshe ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, ya ɗaga murfin ramin wasiƙa, ya kara bakinsa.

"Malam, ban zo da takarda ba, ba ni da ikonta. Ɗazu nas ta tambaye ni wane ne Abdurrahim. Wai tun safe take kiran sunan."

Sai wani abu ya faɗi a sama, aka sauko bene da gudu, makulli ya ƙi shiga sau biyu.

Liman ya fito ba hula, takalmi ɗaya a hannu. Bai tambayi jikinta ba, Bara'u ma bai ce da sauƙi ba. Su biyun sun san inda aka kai, domin shekara talatin da huɗu ke nan, ko sau ɗaya kunya ba ta taɓa barin Saudatu ta furta sunan Liman, ɗansu na fari, ba.