Zanen Zumuntar Mata

Gwaggo Rifkatu tela ce a unguwar Wunti. Ita ke ɗinka wa matan cocinmu kayan zumunta, amma ba ta da ikon sawa. Na matan aure ne, ita kuwa ta haura arba'in ba miji.

Ina shekara takwas, ran nan na leƙa shago na tarar ta ɗaura zanen matar fasto tana duba madubi. Sai ga mai zanen a ƙofa. Ni sarkin shegantaka na ce, "Mama, ga amarya."

Ba wanda ya yi dariya. Gwaggo ta kwance zanen, ta ninke, ta miƙa mata.

"Yesu ya gan ni a ciki, Mama. Ya ishe ni."

Har aka binne Gwaggo ban ba ta haƙuri ba. Sai yanzu da haƙorana suka zube nake shirya abin faɗa mata ranar da za mu haɗu.