Rabon Mai Tsintsiya

"Ka bar biro," darekta ya ce wa wani ma'aikacin ofishinsa. "Ka tafi Mayahi sharar mangaza, ɗakin ajiyar hatsi."

Kujerar da ma'aikacin ya daɗe yana jira a kamfanin hatsi, ƙanen wani kapitan aka ba, tunda mulki na soja ne. Maƙwabta suka laƙaba wa ma'aikacin suna Shef Tsintsiya.

Sai damina ta ƙi. Hatsi ya ɓace a kasuwa, masu biro suka kife tukwane. Amma a al'adar mangaza, abin da ya zube daga buhu na mai shara ne, darekta kuwa bai taɓa yarda a sayi sabon buhu ba, sai tsofaffi masu zuba.

Ran Lahadi fasto ya nemi mai godiya. Shef Tsintsiya ya miƙe, ƴaƴansa ƙosassu a gefensa.

"A yi wa darekta addu'a," ya ce. "Allah ya ƙara masa rowa."