Idon Maƙwabciya

Saurayinta ya tarar da ita tsaye kan kujera, tana liƙa takarda a gilashin taga. A benen da ke fuskantarsu, maƙwabciya ta tallabe haɓa tana leƙensu kamar kullum.

"Ta gaya wa Mama wai ta ga namiji a ɗakinki," ya ce, kansa a ƙasa.

Ta sauko daga kan kujerar. "Yayana ne, ya kawo min labule."

"Na sani. Amma Mama ta ce a dakata da maganar auren."

"Kai me ka ce mata?"

Ya kasa ɗago ido.

Ta zare zoben alkawarin, ta miƙa masa. "Je ka. Yau dai gaskiya maƙwabciyar nan za ta kai wa Mama."